Waiwaye: Yadda gandayen masu sarauta a Ingila suka koma gidajen biki, da rigimar kiɗan dare da ta biyo baya

A ƙauyukan Ingila da Wales rigimar takan soma ne da wata 'yar takarda shuɗiya da ake ɗaurawa a ƙofar gandu, wato irin tsohon katafaren gidan nan na masu sarauta da gonaki da kurmi suka kewaye. Doka ce ta ce takardar ta zama shuɗiya mai haske, ta kuma yi kwana 28 cur a inda masu wucewa za su gan ta. A cikinta mai gidan ke sanar da cewa ya nemi ƙaramar hukuma ta ba shi lasisin sayar da barasa da yin kiɗa da rawa, wani lokaci har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Sai dai ƙofar irin waɗannan gidaje takan kasance a bakin hanyar da ba a cika bin ta da ƙafa ba, motoci ne kawai ke wucewa. Kafin wani ya tsaya ya karanta har labari ya zaga gari, rabin kwanakin sun tafi. Daga nan sai taron gaggawa a zauren taron ƙauye, sai rubuce-rubucen koke, kuma kusan kuka ɗaya ne ko'ina: amon kiɗa da ke ratsa bango cikin dare, jerin motoci a siririyar hanyar da ba ta ɗaukar mota biyu, baƙi da suka yi tatil suna ihu suna jiran tasi, wasan wuta da ke firgita dawakai da tumaki.

Kafin a ga laifin masu gidajen, ya kamata a san abin da ya kai su ga haya da falon kakanninsu. Da kuɗin hayar gonaki aka gina waɗannan gidaje, da shi kuma ake riƙe su. Daga shekarun 1870 hatsi mai araha daga Amurka ya cika kasuwannin Birtaniya, farashi ya faɗi, hayar gona ta bi shi. A 1894 aka shigo da harajin gado, aka yi ta ɗaga shi har mafi girmansa ya kai kashi 80 cikin 100 a 1949. Da Duke na Devonshire na 10, mai gidan Chatsworth, ya rasu a 1950, wannan harajin ne ya faɗa wa magadansa, har sai da suka miƙa wa gwamnati wani gidan nasu, Hardwick Hall, a madadin wani ɓangare na bashin. Ga kuma yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka karɓe gidaje da dama aka zuba sojoji da asibitoci da makarantu, aka mayar wa masu su a lalace. A wajajen 1955 an ƙiyasta cewa kowane kwana biyar ana rushe gida guda.

Waɗanda suka tsira, buɗe ƙofa suka yi. Gidan Longleat ya fara karɓar 'yan yawon buɗe ido da kuɗin shiga a 1949, ya kawo zakuna a 1966. Gidan Woburn ya buɗe a 1955. Baƙon rana bai cika damun maƙwabta ba, domin kafin magariba ya shiga motarsa ya tafi.

Dare ne ya kawo fitina. A Beaulieu da ke Hampshire, Lord Montagu ya fara bikin kiɗan jaz a harabar gidansa a 1956. A 1960 faɗa ya ɓarke tsakanin matasa ana tsakiyar nuna bikin kai tsaye a talabijin na BBC, har aka katse shirin, kuma bayan na 1961 ba a sake yi ba. Woburn ya karɓi babban taron kiɗa a 1967. A 1970 dubun-dubatar mutane suka yi dafifi a tsibirin Wight, abin da ya sa majalisar dokoki ta yi wa tsibirin doka tasa shi kaɗai a 1971, mai hana taron kwana na fiye da mutum 5,000 ba tare da izini ba. Gandun Knebworth da ke Hertfordshire ya shiga harkar a 1974, har ta kai a watan Agusta na 1996 ƙungiyar mawaƙa ta Oasis ta tara mutum 125,000 a kowane dare, dare biyu a jere. Tarukan da ba su da izini kuwa, bayan wanda aka yi a filin ƙauyen Castlemorton a 1992 wanda ya shafe kusan mako guda, wata doka ta 1994 ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa su.

Amma duk girman waɗannan taruka, abu ne na sau ɗaya ko biyu a shekara. Mutumin ƙauye ya san ranar tun da wuri, ya daure, ko ya kulle gida ya tafi wurin dangi. Abin da ya sauya rayuwar ƙauyuka da gaske wata doka ce da ba ta ambaci kiɗa ba ko kaɗan: dokar aure ta 1994. Kafin ita, ba a ɗaura aure sai a wurin ibada ko a ofishin rajista. Daga watan Afrilu na 1995 aka yarda a ɗaura auren rajista a otal-otal da manyan gidajen da hukuma ta amince da su. Nan take gandaye suka ga hanyar gyara rufinsu. Ba sai kana da fili irin na Knebworth ba. Tsohon rumbu da aka gyara, ko tanti a kan ciyawa, ya isa. A 2021 aka ba da damar ɗaura auren a sararin waje, aka tabbatar da hakan a 2022. Haka hayaniyar shekara-shekara ta koma ta kowace Asabar tun daga bazara har ƙarshen lokacin zafi, daidai watannin da mutane ke kwana da taga a buɗe.

Ita ma dokar lasisi ta sauya a daidai wannan tsakanin. Tun 1552 alƙalan majistare ne ke ba da izinin mashaya a Ingila. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka taƙaita sa'o'in sayar da barasa don ma'aikatan masana'antun makamai, kuma taƙaitawar ta zauna bayan yaƙin, har ƙarfe 11 na dare ya zama lokacin rufewa da kowa ya sani. Mai son wuce haka sai da takarda ta musamman. Kiɗa da rawa kuma lasisinsu daban ne, daga ƙaramar hukuma, ana sabunta shi duk shekara, wanda ke nufin duk shekara maƙwabci na da ranar da zai tashi ya yi magana.

Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki ranar 24 ga Nuwamba 2005, ta haɗe duka wuri guda ta damƙa wa kansiloli. Barasa, kiɗa, rawa, har da sayar da abinci mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba, duk lasisi ɗaya. Ta soke ƙayyadadden lokacin rufewa. Ta kuma gindaya dalilai huɗu kaɗai da za a iya kafa hujja da su: hana laifi da tarzoma, tsaron lafiyar jama'a, hana damun jama'a, da kare yara. Faɗuwar darajar gidanka ba hujja ba ce, haka ma cewa ƙauyen ba ya buƙatar wani gidan biki. In kwana 28 suka cika babu wanda ya rubuta koken da ya hau ɗaya daga cikin huɗun, dole hukuma ta ba da lasisin kamar yadda aka nema. In an samu koke, sai kansiloli uku su zauna su saurari kowa, wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara gaban majistare. Abin da ya fi tsaya wa mutanen ƙauye a rai shi ne lasisin ba ya ƙarewa. Ba a sabunta shi, kuma in an sayar da gandun ana iya mayar da shi sunan sabon mai gida.

A nan ne nake ganin mazauna ƙauye suna da gaskiya, ko da mai gandun mutumin kirki ne. Lauyoyi kan ba da shawarar a nemi lasisi mai faɗi, kwana bakwai a mako, ciki da waje, don kada a sake komawa gaban hukuma. A wurin zama sai mai gida ya ce shi biki kaɗan yake nufin yi a shekara, kuma yana iya yiwuwa har zuciyarsa haka yake nufi. To amma abin da aka rubuta shi ne doka, alƙawarin baki ba ya ɗaure kamfanin da zai sayi gidan bayan shekara biyar. Wanda ya ce a rubuta adadin darare a jikin lasisin bai nemi wani abu da ya wuce kima ba.

Sai kuma maganar hujja. A 2008 Babbar Kotu ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin giya na Daniel Thwaites, kan wata mashaya a yankin Wirral. Majistare sun rage mata sa'o'i saboda fargabar hayaniya, alhali 'yan sanda sun riga sun janye ƙorafinsu, sai kotun ta soke hukuncinsu ta ce ba su da isasshiyar shaida. Tun daga nan lauyoyin masu neman lasisi ke ɗaga wannan hukunci a gaban kansiloli. Ka duba halin da wannan ke jefa mutumin da ke zaune a bayan katangar gandun da bai taɓa yin biki ba: ana neman ya kawo shaidar hayaniyar da ba a fara ba tukuna. Amsar da doka ta tanada ita ce ya jira, in abin ya faru ya nemi a sake duba lasisin. Wato sai ya sha rashin barci na wani lokaci, yana rubuta rana da sa'a a littafi, kafin a saurare shi da kyau.

Kuma sauti a karkara ba kamar na birni ba ne. Inda babu ƙarar motoci da injuna da za su rufe shi, kiɗan da ba zai dami kowa a Landan ba yana iya kai wa gidan da ke can ƙetaren kwari, musamman kaurin amon nan na lasifika da ake ji a ƙirji. Tanti kuwa ba ya tare komai. Ƙa'idar da jami'an duba-gari suka daɗe suna aiki da ita, wadda aka fitar a 1995, ta gane haka: wurin karkara da ke taron kiɗa kwana ɗaya zuwa uku a shekara an yarda masa desibel 65 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wanda ke yin huɗu zuwa 12 kada ya ɗara shirun wurin da fiye da desibel 15, sannan daga ƙarfe 11 na dare zuwa 9 na safe kada a ji kiɗan a cikin ɗakin maƙwabci ko da tagarsa a buɗe take. Shawara ce dai, ba ta da ƙarfin doka sai an shigar da ita cikin sharuɗɗan lasisi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun ba mazauna wani abu, sun karɓe wani. Daga 2012 aka cire sharaɗin cewa sai wanda ke zaune dab da wurin ne zai iya koke, abin da ya taimaki ƙauyukan da motocin biki ke ratsawa. A shekarar ne kuma aka yi dokar da ta 'yanta kiɗan da makaɗa ke yi kai tsaye daga buƙatar lasisi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare in masu sauraro ba su wuce 200 ba, aka ɗaga adadin zuwa 500 a 2015. Akwai kuma takardar sanarwar taron wucin gadi, wadda ke ba da damar yin biki ba tare da cikakken lasisi ba: kuɗinta fam 21, mutum har 499, har zuwa kwana bakwai a jere, sau 15 a shekara ga wuri guda. Ba a manna wa kowa takarda a ƙofa, kuma 'yan sanda da duba-gari ne kawai ke da ikon cewa a'a. Maƙwabci ba shi da ta cewa. Sau da yawa sai ya ga ana kafa tanti zai san akwai biki.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne izinin gini da sauya amfanin wuri yana ƙarƙashin wata doka ce daban, da kwamiti daban, a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Ana iya ba gandu lasisin kiɗa har ƙarfe biyu alhali izinin tsarin gari bai yarda a mai da rumbun gidan biki ba. Wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya da ya binciki dokar ya ba da shawara a watan Afrilu na 2017 cewa a mayar da aikin lasisi hannun kwamitocin tsarin gari, gwamnati ta ƙi. Hanyar kotu a buɗe take, amma da tsada. A 2014 Kotun Ƙoli ta goyi bayan wasu mazauna kusa da filin tseren babura a Suffolk, ta ce izinin hukuma ba ya halatta damun maƙwabci, kuma ba hujja ba ce a ce ai ya zo ya tarar da hayaniyar. Kuɗin shari'ar nasu kaɗai ya kai wajen fam miliyan ɗaya, a kan gidan da darajarsa ba ta kai rabin haka ba.

Mazauna sukan yi nasara wani lokaci, kuma nasarar tana da nata farashin. A Kenwood da ke arewacin Landan, gidan da aka fara kiɗan bazara a harabarsa a 1951, ƙorafin maƙwabta ya sa hukumar Camden ta tsaurara sharuɗɗa, masu kula da gidan suka soke tarukan 2007 gaba ɗaya, kuɗin da ake gyaran gidan da shi ya tafi. A 2008 aka dawo bayan an sauya wurin dandamali. Akasarin rigingimun karkara ma a tsakiya suke ƙarewa: a rage lokaci zuwa sha biyun dare, a hana kiɗa a waje bayan ƙarfe 11, a sa na'urar da ke datse sautin in ya wuce kima, a rufe ƙofofi da tagogi, a ƙayyade darare, a ba maƙwabta lambar wayar da za a ɗauka ana tsakiyar biki.

Saura wanda zai tabbatar an bi sharuɗɗan. Ba kowace ƙaramar hukumar karkara ce ke da jami'in da zai fito da na'urar auna sauti ƙarfe ɗaya na daren Asabar ba, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa yana iya zama tafiya mai nisa. Gwamnatin tsakiya ce ke yanka kuɗin lasisi, kuma tun 2005 ba a ƙara shi ba, duk da cewa ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan ba ya isarsu aikin sa ido.