Daimon ba gwal ba ne, Hajiya

Na daɗe ina sayar da sarƙa da zobe a Sabon Gari, nan Zariya. Da zarar lokacin bukukuwa ya ƙarato wayata ba ta hutawa, kuma tambayoyin dai na bara ne. To ga su na rubuta. Duk wadda ta sake tambaya, wannan zan tura mata.

Zobena karat 18 ne, ke nan daimon ɗin babba ne?

A'a. Wannan 18 ɗin na gwal ne, shi ya sa aka buga 750 a cikin zoben, wato kashi 750 cikin 1000 gwal ne zalla. Karat na gwal tsabta yake nunawa, na daimon kuwa nauyi. Karat ɗaya na daimon kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, in dutsen zagayayye ne faɗinsa wajen milimita shida da rabi. Daimon mai karat 18 ba a akwatin lefe ake tsintarsa ba.

Da me ake auna darajarsa?

Abu huɗu: nauyi, launi, tsabta da yanka. Cibiyar GIA ta Amurka mai nazarin duwatsu masu daraja, wadda aka kafa a 1931, ita ta tsara ma'aunin da kasuwa ke bi.

Dole sai na sayi mai launi D?

Wa ya ce miki? Ma'aunin ya tashi daga D, wanda yake garau kamar ruwa, ya gangara zuwa Z mai ɗan rawaya. Matan garin nan jan gwal suke so, kuma a kan jan gwal idonki ba zai raba D da H ba, don gwal ɗin da kansa yana haska launinsa cikin dutsen. Ki bar kuɗinki ya huta.

Mene ne VVS da nake gani a Instagram?

Tsabta ce. Ana leƙa dutsen da gilashi mai ƙara girma sau 10, a ga tabon da ke cikinsa. Mataki-mataki ne: FL babu komai, sai IF, sai VVS mai tabo ƙanƙane ƙwarai, VS, SI, har zuwa I wanda ido ke iya ganin tabonsa. A wajen kamu ba wadda za ta zo da gilashi ta leƙa yatsanki. Ni abin da nake fara dubawa yanka ne. Zagayayyen daimon fuska 57 ko 58 gare shi, in mai yanka ya kuskure kusurwa hasken ta ƙasa zai zube, sai ki ga dutse mai tsada ya yi dishi-dishi kamar fasasshiyar kwalba.

An kawo mini zobe a lefe, yaya zan san na gaske ne?

Wannan ita ce ba na son amsawa ta waya. Kafin komai, don Allah ki daina goga shi a madubi. Duwatsun kwaikwayo ma suna karce gilashi.

Akwai na'urar gwaji mai kama da biro da masu shago ke ɗorawa a kan dutse. Tana taimakawa, amma ba alƙali ba ce. Zafi take aunawa, yadda yake ratsa dutsen. Za ta kama farin dutsen nan mai araha, zarkoniya, wanda ke cike da kasuwa. Amma akwai wani da ake kira moisanait, shi ma zafi na ratsa shi sosai, sau da yawa na'urar sai ta yi ƙara ta ce daimon ne. Sannan ga wanda ake haɗawa a masana'anta. Shi fa ba jabu ba ne, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, ƙarfinsu ɗaya, ko ni da gilashina ba zan raba su ba. Kuɗinsa ne kawai bai kama ƙafar na haƙa ba.

Saboda haka takarda nake nema. In dutsen ya ɗan tasa, ya kamata a ce ya zo da takardar shaida ta GIA ko IGI, wata cibiyar irinta. Tana da lamba, ki shigar da ita a shafin cibiyar a intanet ki ga ko nauyi da launi sun yi daidai. Galibi ana rubuta lambar nan da leza a gefen dutsen, ƙanana ƙwarai. Ko da hakan ma a lura, don takardar gaske na iya biyo dutsen da ba nata ba. Rasit ɗin shagon Dubai kuwa rasit ne kawai.

In ƙananan duwatsu ne aka jera kamar gero, kada rashin takarda ya tayar miki da hankali, ba a saba yi wa kowanne tasa ba. Kuma 'yar'uwa, ko an gano ba na haƙa ba ne, kada ki kwashi magana ki kai wa dangin miji. Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta yi haka, ashe angon ma kuɗin na haƙa ya biya, shi aka cuta.

In kuɗi ya yanke mini, zan sayar kamar gwal?

Ba za ki mayar da kuɗinki ba. Gwal a sikeli ake ɗora shi a biya ki giram-giram, kuma mai saye cire nauyin duwatsu yake yi. Daimon sai kin nemo mai so, shi kuma ya taya yadda ya ga dama. In ajiya kike nufi, sayi gwal.

Gaskiya ne ba ya fashewa?

Wuyar karcewa gare shi, amma yana ɓallewa in ya bugu ta gefe. Ki cire zoben kafin ki ɗauki taɓarya.