Sabwufa da akwati mai bututu: tambayoyi da amsoshi kan ƙarar bes

Sabwufa (sifikar bes) biyu iri ɗaya, ɗaya tana girgiza gilashin mota, ɗaya kuma sai dai a ce tana aiki. Me ke kawo haka?

Akwati ne, galibi. Duk sanda takardar sifika ta tura iska gaba, tana janye ta a baya, in ba a raba gaba da baya ba sai su kashe juna, bes ya ɓace. Akwati rufaffe yana kulle iskar baya kawai. Mai bututu kuwa yana sa ta aiki: iskar cikin akwatin da ta cikin bututun suna kaɗawa tare a wata mita guda (wato saurin kaɗawar sauti, da ake aunawa da haz), kamar sautin da ke fitowa in ka hura bakin kwalba. Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ne ya bayyana wannan a ƙarni na 19, sannan Albert Thuras na Bell Labs a Amurka ya sami rajistar ƙirar akwatin a 1932. A kusa da wannan mitar, ƙarin da ake samu kan kai desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙara), kwatankwacin ninka wutar amfilifaya ba tare da an sayi sabuwa ba.

To ba yawan wat ne ke nuna ƙarfi ba?

A nan ake cin kuɗin mutane. Lambar PMPO da ake rubutawa da manyan haruffa a kwali, wat 3000 ko 5000, ta talla ce. Wadda za a duba ita ce RMS, wato wutar da sifika za ta jure tana aiki ba tsayawa. Ko ita ma juriya take nunawa, ba ƙara ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wuta ninki goma. Shi ya sa sifikar da ke ba da desibel 96 da wat ɗaya take yin abin da mai 90 ba za ta yi ba sai da wat huɗu.

Waɗanne lambobi ne suka fi muhimmanci a takardar bayani?

Waɗanda ake kira ma'aunan Thiele da Small. Neville Thiele, injiniya a Ostareliya, ya wallafa aikinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Fs ita ce mitar da takardar sifika ke kaɗawa da kanta a sarari. Vas tana nuna laushin ɗaurin takardar, ana auna ta da lita, kuma yawanta na nufin sifikar za ta so babban akwati. Qts tana faɗin yadda maganaɗisu da ɗaurin takardar ke riƙe motsi; in ta yi ƙasa da 0.4, sifikar ta fi dacewa da bututu. Xmax kuma nisan da takardar za ta yi gaba da baya kafin sauti ya gurɓace. Akwai gajeriyar hanya: a raba Fs da Qes, wato rabon maganaɗisu kaɗai a cikin Qts. In amsar ta haura 100, bututu. In ta gaza 50, rufaffe. Sifikar da kamfaninta bai buga waɗannan lambobi ba, ni dai ba na amincewa da wat ɗin da ya rubuta mata.

Yaya ake sanin tsawon bututu?

Abu uku ke haɗuwa: girman akwati, faɗin bututu, da tsawonsa. Ƙara tsawo yana saukar da mita, ƙara faɗi yana ɗaga ta. Misali akwati mai lita 60 da bututu mai faɗin santimita 10: a tsawon kusan santimita 25 zai tsaya wajen haz 35, in aka yanke shi ya koma 12 zai hau wajen haz 45. Mai son bes mai zurfi a mota ko falo ya kan nufi 30 zuwa 35; masu kiɗan biki a fili sun fi zama a 40 zuwa 45, domin dukan ƙirji suke nema. Manhajar WinISD kyauta ce, tana lissafin duka in an shigar mata da lambobin.

Lita 60 ɗin nan iskar da ta rage ake nufi, bayan an cire wurin da sifika, bututu da katakon tokara suka cinye. Kafinta da ya auna daga waje ya riga ya ɓata lissafin.

Ina jin bututuna yana huci in na ƙara murya.

Ya yi ƙanƙanta. Iska na gudu a ciki fiye da kima. Ana so kada gudunta ya wuce kamar nisan mita 17 a daƙiƙa. A faɗaɗa shi, a goge bakinsa ya yi zagaye. Amma faɗi na neman ƙarin tsawo, tsawo na cin wuri, sai akwati ya girma. Ƙarami, mai zurfi, mai ƙara: biyu ake samu cikin ukun nan.

Gaskiya ne akwati mai bututu ya fi kashe sifika?

Yana iya yi. A daidai mitar bututu takardar kusan ba ta motsi, bututun ke aikin. Ƙasa da ita kuwa iska ba ta tare takardar, sai ta riƙa wurgi ba sauti, ƙarar ma tana faɗuwa da desibel 24 duk sanda mitar sauti ta ragu da rabi, ninki biyu na faɗuwar rufaffe. Maganinsa matatar da ke yanke sautin can ƙasa, wadda amfilifayoyi da yawa ke da ita. A saita ta haz kaɗan ƙasa da mitar bututun.

Wane katako?

MDF (allon matsattsen garin katako) mai kaurin milimita 18 ya isa ga mota da ɗaki, amma yana da nauyi kuma ba ya shiri da ruwa. Akwatin da za a riƙa lodawa a mota daga wannan biki zuwa wancan, filawud mai kyau ya fi masa. A sa gam a kowace mahaɗa, a tokare bangon da ya yi faɗi daga ciki, kada iska ta sami mafita sai ta bututu.