Yaƙi da Masu Tayar da Ƙayar Baya

Yaƙi da masu tayar da ƙayar baya shi ne duk matakan soja, da na 'yan sanda, da na siyasa da gwamnati ke haɗawa domin murƙushe ƙungiyar da ta ɗauki makami a cikin ƙasa. Ya bambanta da yaƙin gaba da gaba, domin 'yan tawaye ba su da fagen daga guda. Yaƙin sari-ka-noƙe suke yi, su kai hari su saje da jama'a. Saboda haka wahalar ba ta kashe abokin gaba ba ce, ta gane shi ce, kuma mai iya nuna shi sai wanda suke zaune unguwa ɗaya.

Zamanin mulkin mallaka

Yawancin dabarun da ake koyarwa a makarantun soja sun samo asali ne daga Turawan mulkin mallaka. Hafsoshin Faransa Gallieni da Lyautey, a Madagaska da Maroko, sun riƙa kama yanki guda su kafa kasuwa da hukuma a cikinsa kafin su matsa gaba. A Arewacin Najeriya Turawan Ingila sun fi dogara da tsoratarwa. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, an kora harinsu na farko, sannan a ranar 27 ga Yuli 1903 suka ci garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa. A 1906 aka rushe ƙauyen Satiru kusa da Sakkwato bayan boren mutanensa, ana ƙiyasta waɗanda aka kashe da kusan 2,000. Wannan ya tsayar da bore na tsawon lokaci, amma da jinin talakawa masu ɗauke da fartanya da gatari aka saye shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Malaya (cikin Malesiya ta yanzu), daga 1948 zuwa 1960, ita ce misalin da aka fi kafa hujja da shi. A ƙarƙashin shirin Janar Briggs na 1950 an kwashe kimanin mutum 500,000 zuwa sababbin ƙauyuka masu shingen waya, domin a raba 'yan Kwaminis da abinci da labari. Janar Templer, wanda ya karɓi ragama a 1952, ya shahara da batun neman yardar jama'a. Sai dai 'yan tawayen galibi daga tsirarun 'yan asalin Sin suke, ba su da maƙwabciyar ƙasa mai zuba musu makamai, kuma Birtaniya ta ba da 'yancin kai a 1957, abin da ya rage musu hujja. Masana tarihi da dama na ganin tilas da alƙawarin 'yanci sun yi aiki fiye da kyautatawa.

A Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, sojan Faransa sun karya ƙungiyar FLN mai yaƙin neman 'yancin kai a birnin Aljiyas a 1957 ta hanyar azabtar da waɗanda suka kama. Sun ci birnin, suka rasa ƙasar. A Kudancin Biyetnam an kwaikwayi ƙauyukan Malaya a farkon shekarun 1960, manoma suka ƙi, babban birninta Saigon ya faɗa hannun 'yan Kwaminis a 1975. Amurka ta farfaɗo da koyarwar a kundin sojanta na 2006, kuma ƙarin dakarun da Janar Petraeus ya jagoranta a Iraƙi a 2007 ya zo daidai da raguwar kashe-kashe, ko da yake ana jayayya kan rabon yabo tsakaninsa da ƙabilun lardin Anbar da suka juya wa Alƙa'ida baya. A Afghanistan shekara 20 ta ƙare da komawar Taliban Kabul a Agustan 2021.

Arewa maso Gabashin Najeriya

Rikicin Maitatsine, wanda ya fara a Kano a 1980 ya kai Gombe a Afrilun 1985, da ƙarfin bindiga aka kashe shi. Irin wannan aka so maimaitawa a 2009. Rikicin Boko Haram ya ɓarke ne da hari kan ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi ranar 26 ga Yuli, kwana huɗu bayan haka aka kashe shugaban ƙungiyar Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri. Ƙungiyar ba ta mutu ba. A Satumbar 2010 ta fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka tsere.

Kame na kan mai uwa da wabi a shekarun farko ya sa mutane tsoron soja kamar yadda suke tsoron 'yan bindiga, labari ya daina zuwa. Abin da ya sauya Maiduguri a 2013 shi ne fitowar 'yan ƙato da gora, samarin da suka san kowa gida-gida, ko da yake su ma an zarge su da cin zarafi. An kai hare-hare Bajoga da Ashaka a ƙarshen 2014, da garin Gombe a Fabrairun 2015, kafin sojan Najeriya da na Chadi, Nijar da Kamaru su ƙwato yawancin garuruwan da aka mamaye.

Tun 2016 sansanin Malam Sidi a ƙaramar hukumar Kwami ta jihar Gombe ke karɓar tubabbun mayaƙa ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor, ana yi musu wa'azi da koyar da sana'a. Masu goyon baya na cewa yana buɗe ƙofar miƙa wuya. Waɗanda aka kashe wa 'yan uwa na cewa an fifita mai laifi a kansu.

Tasiri

Babu matsaya guda. Sri Lanka ta murƙushe 'yan tawayen Tamil a 2009 da ƙarfi tsantsa, fararen hula masu yawa suka halaka. Kolombiya ta ƙare da yarjejeniya da 'yan tawayen FARC a 2016. Inda 'yan tawaye ke da mafaka a ƙetaren iyaka, ko gwamnatin da ake karewa ta rasa amincewar mutanenta, da wuya nasarar soja ta ɗore.

Halin da ake ciki

Bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 dubban mutane sun miƙa wuya a Borno, amma ɓangaren ISWAP, wanda ya ɓalle daga Boko Haram, ya ci gaba da kai hari a yankin Tafkin Chadi.