Naɗar Zaman Kotu da Na'ura

Naɗar zaman kotu da na'ura tsari ne na ɗaukar sautin duk abin da aka faɗa a gaban alƙali, wani lokaci har da hoto, a madadin marubucin da ke bin magana kalma bayan kalma. An fi sanin batun a Amurka da Ingila, inda kotun ɗaukaka ƙara galibi ba ta sake kiran shaidu, sai dai ta dogara da rubutaccen kwafin zaman da aka yi tun farko.

Asalin sana'ar

Marubutan kotu na farko da alƙalami suka yi aiki, suna amfani da gajerun alamomi a maimakon haruffa. Tsarin Isaac Pitman ya fito a Ingila a 1837, na John Robert Gregg kuma a 1888. Na'urar rubutun gaggawa ta biyo baya: Miles Bartholomew ya yi rajistar tasa a Amurka a 1879, amma tsarin maɓallan da ake bi har yau ana danganta shi da Ward Stone Ireland, a wajajen 1911.

Na'urar ba ta kai keken rubutu girma ba. Maɓallan harufanta 22 ne kawai, kuma akan danna da yawa a lokaci guda, dannawa ɗaya ta ba da gaɓar kalma ko ma kalma sukutum. Hannun hagu na riƙe da farkon gaɓa, na dama na riƙe da ƙarshenta, manyan yatsu kuma su buga wasula. Kafin mutum ya sami shaidar ƙwarewa ta ƙungiyar marubutan kotu ta Amurka, sai ya rubuta kalma 225 a minti ɗaya, abin da kan ci shekaru ana koyo. A 1944 majalisar dokokin ƙasar ta sanya marubuta na dindindin a kotunan gunduma na tarayya.

Shigowar na'urar naɗar sauti

Jihar Alaska ta Amurka ce aka fi ambata a matsayin ta farko. Ta koma naɗar sauti a wajajen 1960, jim kaɗan bayan zamanta jiha, ga nisan garuruwa ga ƙarancin marubuta. A 1982 doka ta umarci kotunan tarayya su gwada kaset. An yi gwajin a kotuna 12, na'ura da marubuci suna aiki a zama ɗaya, kuma rahoton 1983 ya ce kaset na iya ba da sahihin kwafi cikin lokaci da rahusa, muddin an kula da shi yadda ya kamata. Ƙungiyoyin marubuta ba su amince da sakamakon ba. Daga 1984 aka bar wa kowane alƙali zaɓi, sannan aka amince da naɗa a kwamfuta a 1999.

A Amurka, jihar Kentaki ta rungumi bidiyo tun shekarun 1980, jihar Yuta kuma ta sallami marubutanta a 2009 saboda matsin kasafin kuɗi. A Ingila da Wales tsarin naɗar sauti a kwamfuta mai suna DARTS ya karɓi aikin a manyan kotunan laifuka, har marubutan Old Bailey, babbar kotun laifuka ta Landan, suka tattara nasu ya nasu a 2012.

Yadda ake yi

Alƙali, shaida da lauyoyi kowa da makirufonsa, kowace murya da layinta. Akawu na sanye da abin sauraro a kunne, yana rubuta wanda ya yi magana da lokacin. Ba a buga kwafi sai an nema.

Taƙaddama

Masu goyon baya suna kawo hujjar kuɗi da ƙarancin masu koyon sana'ar. Masu suka kuwa suna nuna giɓin da ake samu a kwafi, inda mai bugawa kan rubuta cewa maganar ba ta fita ba. Tari, karkaɗa takarda ko lauyoyi biyu su ɗau zafi a lokaci guda sun isa su cinye amsar shaida. Marubuci kan ɗaga hannu nan take ya ce a maimaita. Na'ura kuwa sai bayan watanni ake gano ɓarnar. Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka ta taƙaita amfani da na'ura a yawancin shari'un iyali da na gado, ga shi kuma marubutan ba su wadata ba, sai zama da dama su wuce ba tare da kwafi ba.

A Najeriya alƙalai da yawa da hannunsu suke rubuta zaman, ko da yake dokar gudanar da shari'un laifuka ta 2015 ta halatta naɗa da na'ura.