Ma'anar "sikwaya": maganar kusurwa ce, ba tsawon gefe ba

Tunda cinikin filaye ya kankama a wajejen Tumfure da sauran bayan garin Gombe, kalmar nan ta zama gishirin tallar dillalai a rediyo: "fuloti ne ƙafa 50 da 100, sikwaya cif." Ka tambayi mai tallar me ya auna, sai ya ce gaba 50, baya 50, hagu da dama ɗari-ɗari. To wannan bai tabbatar da komai ba.

A bakin birkila, sikwaya na nufin kusurwa mai digiri 90. Fili na iya cika awon nan huɗu kuma ya karkace, kamar kwalin da aka danne ta gefe. Mai tona asirin shi ne layin da ya ratsa daga turke zuwa turken da ke kallonsa ta tsakiya, wanda magina ke kira dayagonal. Yana raba filin zuwa alwatika biyu, kuma in filin sikwaya ne, a kowacce shi ne gefe mafi tsawo.

Lissafinsa shi ne na Fitagoras da yara ke haddacewa don WAEC, duk da mutanen Babila sun riga shi sani da sama da shekara 1000. Ka ce 50 sau 50, 2,500. Sai 100 sau 100, 10,000. Jimilla 12,500. Lambar da za ta ninka kanta ta ba da haka ita ce 111.8. Dole dayagonal biyun su tashi a nan. In ɗaya ya ba da 110, ɗayan 113 da rabi, filin ya karkace, ko me aka faɗa a rediyo.

Inda masu awo ke yawan zamewa: 111.8 ba ƙafa 111 da inci 8 ba ne. Ƙafa inci 12 ce, don haka ƙafa 111 ne da inci 9 da rabi da 'yan kai. Haka tef ɗin da ya yi ciki a tsakiya, ko aka kwantar da shi a gangare, ƙara tsawo yake yi.

Wajen fitar da fandisho, 3 da 4 da 5 ake bi, wato daga kusurwa a auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba da 5 kusurwar ta yi sikwaya. Amma a ɗaki gara a ninka sau uku: ƙafa 9 a igiya ɗaya, 12 a ɗayar, tsakaninsu 15. Ƙaramin awo kuskurensa ɓuya yake yi, ba ya fitowa sai ran da mai tayil ya iso bangon ƙarshe, ya fara yanka tayil, nan faɗi, can siriri.