Waiwaye: Zare Bindiga a Lokacin Husuma da Matsayin Doka a Legas

A Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, akan ji wani ya ce shi dai ya fito da bindiga ne don ya razana abokin rigimarsa, bai yi niyyar harbi ba. Ana faɗar wannan magana kamar uzuri ce, alhali dokar da Legas ta gada tun zamanin Turawa ta ɗauki razanarwar kanta a matsayin laifi.

Kundin manyan laifuka na Kudancin Nijeriya, wanda ya samo asali tun 1916, ya fassara farmaki da faɗi, har ya haɗa da yi wa mutum barazana da motsin jiki matuƙar mai barazanar yana da ikon aiwatarwa a nan take, ko da kuwa bai taɓa shi ba. Ya kuma tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya fita bainar jama'a da makami ta yadda zai firgita mutane ba tare da halastaccen dalili ba. Jihar Legas ta yi nata kundin a 2011, ta kuma riƙe waɗannan ƙa'idoji. Mallakar bindigar kuwa tana ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, wadda ta raba ikon ba da lasisi tsakanin Shugaban Ƙasa da Sufeto Janar da kwamishinonin 'yan sanda, gwargwadon nau'in bindigar.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya sauya al'amarin, domin bayansa bindigogi sun bazu a hannun jama'a, fashi ya yi ƙamari, gwamnatin soja ta kafa dokar fashi da makami a 1970, har aka riƙa harbe 'yan fashi a gaban jama'a a Bar Beach da ke bakin tekun Legas, ciki har da ƙasurgumin ɗan fashi Ishola Oyenusi a 1971. Wata sabuwar dokar fashi da makami ta 1984 ta sanya tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga mai riƙe bindiga ba lasisi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun kare kai. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya, amma gwargwadon abin da ya zama dole. Kotu takan duba ko mutumin yana cikin fargabar mutuwa ko mummunan rauni, da kuma ko martaninsa ya yi daidai da barazanar. Zagi, ko taurin bashi, ko gardamar wurin ajiye mota ba su kai nan ba. Tsokana ma, idan ta tabbata, iyakarta ta sauko da tuhuma daga kisan ganganci, wanda hukuncinsa kisa ne, zuwa kisan da ke jawo ɗauri. A ganina masu gadi da 'yan canji da fataken shanu na mayankar Oko-Oba da ke Agege, waɗanda sana'arsu ke haɗa su da kuɗi da haɗari kullum, su suka fi buƙatar a fayyace musu cewa lasisi izinin mallaka ne kawai.

Addini ya riga doka yin wannan hani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A ruwayar Muslim, mala'iku suna la'antar mai yin hakan ko da wanda ya nuna ɗin shaƙiƙinsa ne. Abin ya fi nauyi a Legas, inda rigimar mutum biyu kan rikiɗe ta zama ta ƙabilanci cikin sa'o'i, kamar yadda mazauna Idi-Araba suka gani a 2002, na Mile 12 kuma a 2016.

Taɓarɓarewar tsaro a Arewa ta sake tayar da muhawarar a 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta nemi jama'arta su mallaki bindiga saboda 'yan ta'adda. Shekara guda bayan haka, a 2023, rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan bindigogi a faɗin ƙasar.