Tantance ɗan haya da ƙa'idojin bayar da hayar gida a Saudiyya

Tantance ɗan haya shi ne binciken da mai gida yake yi a kan wanda ya zo neman haya kafin ya miƙa masa makulli: wane ne shi, zamansa a ƙasa bisa ƙa'ida yake, kuma zai iya biya? A Saudiyya abin ya shafi Hausawa ta fuska biyu. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, suka sami shaidar zama 'yan ƙasa, har suka gaji gidaje a Makka da Madina da Jidda. Akwai kuma masu zama da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, waɗanda akasarinsu haya suke yi.

A da, a unguwanni irin su Shari'u Mansur a Makka ko Karantina a Jidda, sanayya ce takarda. Wani dattijo ya ce "yaron nan na san mahaifinsa", shi ke nan an gama magana. Wannan hanya ba ta mutu ba, amma ba ta da ƙarfi a gaban alƙali.

Tsarin Ejar

A shekarar 2018 Ma'aikatar Gidaje ta ƙaddamar da Ejar, dandalin intanet da ake rajistar yarjejeniyar haya a kansa, wanda yanzu yake ƙarƙashin Hukumar Kula da Harkokin Filaye da Gidaje. Yarjejeniyar iri ɗaya ce a duk faɗin ƙasar. Ana rubuta lambar shaidar mai gida da ta ɗan haya, da takardar mallakar gidan, da kuɗin shekara, da yadda za a biya, ko gaba ɗaya ko kashi biyu ko huɗu ko wata-wata. Kowanne ɓangare sai ya amince ta wayarsa. Kuɗin rajistar gidan zama riyal 125 ne a shekara, ladan dillali kuma bisa doka kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shekarar farko, sai dai in an rubuta wani abu daban. Dillalin ma dole ya kasance mai lasisin da ake kira Fal.

Amfanin rajistar a wurin mai gida babba ne. Yarjejeniyar Ejar takarda ce ta zartarwa, wato idan ɗan haya ya ƙi biya, ba sai an buɗe doguwar shari'a ba, ana kai ta kai tsaye kotun zartar da hukunci ta dandalin Najiz. Wadda ba a yi wa rajista ba kuwa, hukuma ba ta ɗaukarta a matsayin yarjejeniya mai inganci. Tun watan Janairun 2024 kuɗin hayar gidan zama ta hanyoyin Ejar ake biyansa, da katin banki na Mada ko tsarin biyan kuɗi na Sadad. Kuɗin da aka damƙa a hannu bayan sallar isha'i, babu rasit, yana iya zama abin musu gobe.

Abin da ake dubawa

Na farko shi ne takarda: katin ɗan ƙasa ko igama mai rai, ba wadda ta mutu ana cewa kafili, wato wanda ya tsaya wa baƙon a ƙasar, zai sabunta ba. A nan sabon mai gida ya fi faɗawa rami, kuma kunya ce take jefa shi. Ɗan garinsu ya zo da mata da yara, bizar umara ta ƙare, ya ce a rufa masa asiri da ɗaki ɗaya. Zuciya ta so, amma doka ta ɗauki bai wa mai zaman da ba na ƙa'ida ba masauki a matsayin laifi mai tara da ɗauri, kuma idan mai laifin baƙo ne ana iya korarsa daga ƙasar. A Makka abin ya fi tsanani lokacin hajji: a 2025 an sanar da tara har riyal 100,000 ga wanda ya saukar da masu bizar ziyara.

Bayan haka sai ƙarfin biya. Masu gidaje kan nemi takardar albashi daga wurin aiki. Wanda sana'arsa ba ta da albashi, kamar tela ko ɗan kasuwa, sai a tambayi gidan da ya baro. Mai gadin benen da ya tashi daga ciki ya fi kowa sanin ko mutum ne mai biya a kan lokaci, ko mai tara mutum goma a ɗaki biyu. Ana kuma fayyace tun farko ko gidan na iyali ne ko na gwauraye, domin al'adar ƙasar ba ta cika haɗa su a bene ɗaya ba.

Ranar shiga, akwai takardar karɓa da miƙa gida a cikin Ejar. A duba na'urar sanyaya ɗaki, da famfo, da tankin ruwa, a ɗauki hoto, a rubuta lambar da mitar wuta take kai. Rigimar ranar fita kusan kullum a kan waɗannan take.

Ƙarin kuɗi da tashi

Rusau da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, irin su Gulail da Sabil da Kandara, ya tura dubban iyalai neman gida lokaci ɗaya, haya ta yi tashin gwauron zabo. A Riyad ma tsadar ta kai ga hukuma ta dakatar da ƙarin kuɗin haya na shekara 5 daga 25 ga Satumban 2025. Dakatarwar ta Riyad ce kaɗai, amma ƙa'idar sabuntawa ta game ƙasa: yarjejeniya tana sabunta kanta idan wani ɓangare bai sanar da ɗan'uwansa ba kwana 60 kafin ƙarewarta. Mai gidan da yake son ɗansa ya tare a gidan bayan biki, ya kamata ya ƙirga kwanakin nan tun ana sa rana.